Rasuwar Ɗan Akwati, Ɗakin Katakon Baba Ousseini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin jiƙaƙƙen katako, iyalan Baba Ousseini, tsohon direban babbar mota, na lungun bayan masallaci a Zongon Kwatano, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan hanya daga nan har Yamai, rasuwar ɗakinsu na katako da ke tsaye a ƙarshen lambu, wanda kowa ya fi sani da Ɗan Akwati. Ya cika ne da hantsin Talatar da ta wuce, ana tsakiyar damina, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san yana yi. Ya rasu yana da shekara ashirin da 'yan kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, mun ba shi dama. Mu ma da aka fara gaya mana sai da muka ce haba dai, ɗakin ajiye fartanya da tsofaffin tayoyi za a yi wa zaman makoki? To ku sani, ba ɗaki kaɗai Baba Ousseini ya rasa ba. Katakon ɗakin nan shi ne itacen kabarinsa. Bangon baya ya riga ya tafi tare da matarsa Bibata, shi aka yanka aka jera a kanta ranar da aka kai ta makwanci. Sauran kuwa ya ajiye wa kansa ne, bisa alkawarin da suka ƙulla su biyu. Yau ga shi itacen ya riga mai shi tafiya. Wanda har yanzu dariya ke cinsa, sai mu ce Allah ya shirye shi.

An haifi marigayin a shekarar Konferans, babban taron nan na ƙasa, lokacin da kowa a garin nan ya manna kunne a rediyo yana jiran ya ji yadda za ta kaya da ƙasar. Ousseini a lokacin direba ne da hanya ta cinye wa ƙuruciya, sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan ya ajiye iyali. Wata tafiya ya ɗauki injuna daga tashar jiragen ruwa zuwa Yamai, a cikin wasu manyan akwatunan katako da suka ƙetaro teku. Masu kaya suka fasa akwatunan suka kwashe abinsu, suka ce ya nemi inda zai zubar da ɓawon. Shi kuwa ya dubi katakon nan, fari tas, mai kauri, yana ƙamshin wata ƙasar da bai taɓa gani ba, ya ce wallahi ba a gabansa za a yi wannan asara ba. Ya lodo abinsa ya dawo da shi gida. A jikin kowane falle akwai hoton laima da ɗigon ruwa a samanta, wato kada a kuskura ruwa ya taɓa. Shi ne aka rasa inda za a kawo sai Kwatano, garin da ruwa ke sauka daga sama, wani kuma ya ɓullo daga ƙasa ya tarye shi.

Filin na kawunsa ne, rabinsa fadama, kwaɗi ne masu unguwar wurin. Ousseini da amaryarsa Bibata su kaɗai suka yi ginin, ba kafinta ba lebura. Shi yana bugu, ita tana riƙe da falle, ƙusoshi a leɓenta, tana magana ta gefen baki: "Direba, ya karkace." Direba take kiransa, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji sunansa a bakinta. Shi kuma ya ce bai karkace ba, idonta ne. Su ja da baya su duba, sai ga shi ya karkace ɗin, ya cire ya sake bugawa yana gunguni. Bai yarda ƙafar ɗakin ta taɓa ƙasa ba, ya ɗora shi a kan tsofaffin ƙarafan ƙafar mota, yadda in ruwa ya zo zai wuce ta ƙarƙashi ya kama gabansa. A nan suka fara zama, a nan aka haifi 'yarsu Imane, da bangon nan ta dafa ta koyi tafiya. Sai daga baya Allah ya hore suka gina na bulo a gaba. Marigayin bai yi fushi da aka bar shi ba. Ya koma gadin lambun Bibata, inda take shuka yakuwa da alayyafo da barkono a cikin tsofaffin tayoyi, ya karɓi fartanya da garwar ban ruwa da jak da sauran tarkacen mota ya riƙe amana.

Duk shekara kafin ruwan farko, Ousseini yakan zo da baƙin man da aka juye daga inji, a ɗaura tsumma a sanda, shi ya shafa sama, Bibata ta shafa ƙasa. A haka marigayin ya tashi daga fari ya koma baƙi wuluk, yana sheƙi, gara ta zo ta sunsuna ta juya. Yaran lungu da suka jingina da shi sun sha duka a gida saboda riga.

Halinsa kuwa sai dai a ce masha Allah. Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Bangonsa ɗaya yana fuskantar lungu, kuma tun da ƙasar ta koma zaɓe, babu ɗan takarar da ba a manna hotonsa a jikinsa ba. Ya karɓi na wannan, ya karɓi na wancan, ya bar ruwa ya wanke su duka, bai taɓa shiga jam'iyya ba. Masu zem, 'yan haya da babur ɗinmu, in hadari ya rutsa su a lungu a ƙarƙashin bakin rufinsa suke fakewa, bai taɓa tambayar kowa addininsa ko garinsu ba. Kaji nawa suka yi ƙwai a ƙarƙashinsa, Allah kaɗai ya sani. A manyan ambaliyoyin da suka shiga ɗakunan bulo har gwiwa, mutane suna ɗora katifa a kan tebur, shi yana tsaye a kan ƙarafansa ruwa yana wucewa, ko gezau.

Ba mai yawan magana ba ne, amma waɗanda suka zauna da shi sun san muryarsa. Ƙofarsa in an buɗe takan ce "ƙiiii", ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙarasa da "ƙat". In ruwa ya sauka, rufinsa na kwano yakan kama "tararara" har mutum ya kasa jin na kusa da shi. In kuma rana ta take bayan ruwa, sai ka ji fallayen suna "ƙas, ƙas" ɗaya bayan ɗaya, Bibata takan ce miƙa yake yi. Ousseini ya sha gaya mana cewa in ya dawo daga tafiya, ba ya jin ya iso gida sai ya ji wannan "ƙiiii ƙat" ɗin.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Bibata, takan sa a shimfiɗa mata tabarma a inuwar marigayin, kusa da yakuwarta. A nan ne wata la'asar ta kira mijinta, Imane tana zaune tana ji, ta ce, "Direba, in na riga ka, a cire min bangon baya. Shi na fi shan wahalar riƙewa. Sauran naka ne. Ɗaki ɗaya muka fara shiga, ina son rufi ɗaya ya rufe mu. Kada ka je ka yi sakaci a rufe ka da itacen wani." Ya ce, "Ke dai Maman Imane kin cika magana, sha maganinki." Ta ce sai ya ce ya yarda. Ya ce ya yarda. Ba a rufa wata biyu ba ta cika. Kun dai san yadda ake yi a nan, in an yi rasuwa sai a aika a samo itace ko'ina, ko na mangwaro ko ragowar masu gini, a yanka a jera a bakin kabari kafin a sa ƙasa. Ranar nan Ousseini ya hana a aika. Shi da hannunsa ya ɓamɓare bangon baya, yana cire ƙusa ɗaya-ɗaya, ya toshe gurbin da kwano. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce a falle na ƙarshe da aka ɗora mata ana iya hango hoton laimar nan ta ƙarƙashin baƙin mai.

Daga nan ne jinyar marigayin ta samo asali, kuma abin da ya fi ƙona mana rai shi ne, so ne ya jawo ta.

Bayan sadakar arba'in Baba Ousseini ya ajiye tuƙi. Abin da ya tsira da shi daga aikin shi ne tamfol ɗinsa na ƙarshe, koren nan mai nauyi da ake rufe lodi, wanda mu nan muke ce wa bash. Ya zauna ya yi tunani irin na direba. Tsawon shekarun da ya yi a hanya, ko buhun shinkafa ɗaya bai taɓa jiƙe masa ba, daga Kwatano zuwa Paraku, daga Paraku zuwa Malanbil, ko da sama za ta tsage. Abin da kake tsoron ya lalace, ka rufe shi da bash ka ɗaure. To yanzu ga lodin da ya fi kowane lodi daraja a wurinsa. Sai ya lulluɓe Ɗan Akwati tun daga rufi har ƙasa, ya ja igiya ya yi irin ɗaurin da ya yi suna da shi a tasha, ya tura bakin bash ɗin cikin yashi ya danne da duwatsu, don kada ko iskar damina ta sami hanya. Ƙofa kaɗai ya bar wa 'yar kafa. Ya ja da baya ya duba aikinsa ya ce alhamdu lillahi. Mu ma da muke tsaye muka ce lallai Baba ya iya ɗauri. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tuna cewa lodi kwana kaɗan yake yi a rufe ba, kuma arewa ake tafiya da shi, inda iska take a bushe.

Kullum da safe yakan ɗaga kafar nan, ya buɗe ƙofa, ya leƙa ya ga fartanyar Bibata da garwarta suna inda ta bar su, ya yi maza ya rufe kada laima ta shiga. Shafa mai ma ya daina, tunda a ganinsa wanda ke cikin bash me zai yi da mai.

Imane kuwa ta girma ta yi aure a Kalavi, tana sayar da atamfa da mayafai a kasuwa nan kusa da mu. Dilolinta a falon Baba suke kwana, har wurin salla sun cinye masa. Ta daɗe tana lallaɓa shi: "Baba, yanzu akwai ɗakin ajiya na roba, ana haɗa shi a yini ɗaya. Ba ya ruɓa, gara ba ta ci. Ka bari a sauke wannan, a jera maka katakonka a wuri mai kyau, a kafa na roba a gurbin." Lambun ɗan mitsitsi ne, ba zai ɗauki ɗaki biyu ba. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ranar da za a sauke shi, ba ni zan ba da izini ba, ina kwance." Sai ta bar zancen, don ta san inda maganar ta dosa.

Alamun ciwo sun bayyana, mu ne ba mu karanta ba. Da farko marigayin ya daina "ƙas, ƙas" ɗinsa na rana, aka ce ai bash ne ya tare sautin. Sai ƙofa ta rage "ƙat", ta bar "ƙiiii" kaɗai, shi ma a dishe. Sai wari. Ma'u maƙwabciyarsu, ƙawar Bibata tun suna amare, ta leƙo ta katanga ta ce, "Baban Imane, wani abu yana ruɓa a wajenku." Ya ce kwata ce, ta je ta yi wa masu shara faɗa. Naman kaza ya tsiro a bakin duwatsun, ya sa ƙafa ya murje. Daga waje kuwa ɗakin yana tsaye ƙyam, kusurwa huɗu cif, gwanin sha'awa. Ashe igiya ce take riƙe da shi.

Ranar Talata ruwa ya ɗan tsagaita da hantsi. Baba ya fito kamar kullum, ya ɗaga kafa, ya kama mariƙin ƙofa ya ja. Ƙofar ba ta ce komai ba. Ta biyo hannunsa ne gaba ɗaya, har da ginshiƙin da take maƙale a jiki. Yana tsaye riƙe da ita, sai rufin ya sunkuya a hankali, gaba ya fara durƙusawa, baya ya biyo, kamar tsohon da gwiwa ta ci amanarsa a sahu. Ba ƙara, ba rugugi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "fuuu", wata iska mai ɗumi da wari ta fito ta bakin ƙofa ta bugi fuskar mai shi. Ma'u ce ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo, ta same shi a haka, ta ɗora hannu a ka.

Aka kira Sirajuddeen kafinta, a matsayin likita. Ya zaro wuƙa zai yanke igiya, Baba ya riƙe masa hannu. Shi ya bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa, don direba ba ya yanka igiyarsa. Da aka yaye bash ɗin, cikinsa sharkaf yake da gumi, ruwa yana ɗiga. Siraju ya durƙusa ya danna babban yatsa a falle na farko, yatsan ya nutse kamar a cikin tuwon jiya. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku, ya zagaya ta bayan ɗaki yana gwadawa. Sannan ya miƙe ya cire hularsa ya ce, "Baba, sai haƙuri."

A nan iyalan suna son su wanke sunan waɗanda aka zarga ba da hakki ba. Gara ba ta da hannu a wannan mutuwa, an duba ba a sami ko ɗaya ba. Ruwan sama ma bai taɓa shi ba, ɗaurin Baba bai yi yoyo ko na ɗigo ɗaya ba. Siraju ya ce laimar ƙasa ce take tasowa ta shiga, ta nemi hanyar fita ta rasa, rana ta dafa ta a ciki, shekara da shekaru. Baba ya ce to ai da can ma ƙasar nan ce, me ya hana shi ruɓa? Sai Ma'u ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kai kana hanya, ina za ka sani? Duk ranar da rana ta fito, kafin ta ɗora tukunya sai Bibata ta buɗe ƙofar nan da taga ta sa dutse ta tokare. In ruwa ya wuce ta ƙasa, ta ɗauki tsintsiya ta kwashe laka daga ƙarafan. Kullum ta Allah. Ni na ɗauka ka sani." Baba duk zamansa ya ɗauka baƙin mansa ne ya raya ɗakin. Ya ce, "Ba ta taɓa gaya min ba." Ma'u ta ce ai ba abin faɗa ba ne, aikin gida ne.

Abin da aka samu da rai a jikin marigayin shi ne saman ƙofa, wajen da yake ɗan shan iska in an buɗe da safe. Siraju ya sa zarto ya yanke ruɓaɓɓen, ya ƙwanƙwasa ragowar, ta amsa. Abin da ya biyo baya, mu da muka gani ba za mu manta ba. Baba Ousseini, dogon mutum, ya tattare rigarsa ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasar lambu, a kan gefensa na dama, ya fuskanci alƙibla, ya ce, "Siraju, ɗora." Imane da aka kira daga kasuwa ta shigo daidai lokacin, ta fasa kuka: "Baba, don girman Allah ka tashi!" Ya ce ta yi masa shiru. Siraju ya riƙe katakon a samansa, daga kai. Baba ya ce, "Ya kai?" Siraju ya dubi ƙafafun da suka rage a waje. Ya ce, "Tambaya nake, ina ya tsaya?" Siraju ya ce, "A ƙugu, Baba." Ya ɗan jima a kwance, sannan ya miƙo hannu aka tashe shi. Bai karkaɗe rigar ba.

Washegari aka shiga shawarar magaji, tunda gurbi ba zai zauna haka ba. Siraju ya ce a bar masa aikin, zai samo katako mai tauri, ya ɗaga shi sama da na da, ya bar masa kafofin iska, in ana shafa mai ana buɗewa zai kai jikokin Imane. Imane ta ce wa zai riƙa buɗewar? Ita tana Kalavi, Baba ga gwiwa ga ido. Kayanta kuma zane ne, laima kaɗan ta taɓa shi ya yi tabo, an gama. Gaskiya kowa a cikinsu yana da hujja. Katako yana numfashi, ba ya dafa kaya, in falle ɗaya ya lalace a cire a sa wani, amma yana son mai kula da shi kamar jariri. Roba ba ruwanta da kowa, ka kafa ka manta, sai dai da rana cikinta tanda ne, in ta tsage ba ta ɗinkuwa, in kuma ba a ɗaure ta da daɓen siminti ba, ambaliya ɗaya za ta ɗauke ta a tsince ta a bakin tafki.

Imane ta ɗora Baba a zem suka haye gada zuwa Akpakpa, don ya ga na robar da idonsa. Ɗakin yana tsaye a gaban kanti, toka-toka, an yi masa zane-zane a jiki wai don ya yi kama da katako. Baba ya ƙwanƙwasa, ya ji "bum, bum" irin na jarkar da ba komai. Ya buɗe ƙofa ya rufe, shiru. Mai kantin yana ta zuba: ruwa ba ya ci, gara ba ta ci, gishirin teku ba ya ci. Baba ya ce, "Ƙasa fa? In an binne shi, tana ci?" Mutumin ya ɗauka yabo ake nema, ya bugi ƙirji ya ce, "Alhaji, ko jikan jikanka ya tono shi, haka zai same shi." Baba ya ce a'uzu billahi, ya juya ya fita.

Mun ɗauka magana ta ƙare ke nan, katako ya ci. Amma a kan hanyar dawowa, suna tsaye a bakin gada ana jiran cunkoso ya saki, ya ce da 'yarsa, "Ki sayi robarki." Ta ce, "Baba, in katakon kake so, wallahi a yi katakon. Siraju ya ce zai ware maka fallaye masu kyau a ajiye." Ya ce, "Masu kyau ai sun cika gari. Wanne ne a ciki uwarki ta riƙe?"

Marigayin ya rasu ya bar ƙarafan mota huɗu da suka ɗauke shi tsawon rayuwarsa, sun yi tsatsa amma suna nan. Ya bar fallayen kwano, waɗanda Ma'u ta riga ta yi magana a kansu saboda akurkinta. Ya bar fartanya da garwa, da kwaɗon ƙofa wanda har yanzu yake kulle a jikin abin da babu. Ya bar iyalin ƙadangaru masu yawa, da wata kaza mai kwanci da ta ƙi tashi daga wurin. Ya bar bash, yana nan lafiya lau, an shanya shi a katanga ko kunya ba ya ji. Ya bar Imane, wadda ta ce da ta san haka robar za ta zo mata da ba ta taɓa ambatonta ba. Ya kuma bar Baba Ousseini, da rabin ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, in ruwa ya bari. Ba za a yi salla ba, Liman ya riga ya ja mana kunne, kuma gaskiyarsa. Ana roƙon samarin lungu su zo da baro da shebur. Kada kowa ya wahalar da kansa da guduma, marigayin ba zai yi gardama ba, da hannu ma ana ɗibarsa. Wasu sun ba da shawarar a cike kududdufin bakin lungu da shi, Baba ya ce ba za a taka shi ba. Don haka za a haƙa rami a ƙarshen lambu, nesa da yakuwa, a rufe shi a nan. Rabin ƙofar za a shigar da ita ɗakin Baba a jingine kusa da taga, ya kuma yi wasiyya a gaban shaidu cewa in ranar ta zo a ɗora masa ita ta wajen fuska, sauran jiki a ƙarasa da duk abin da ya samu. Masu haɗa na roba za su zo bayan an watse, ana roƙonsu su shigo ba hayaniya.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, akwai shayi. Imane da Ma'u ne za su zauna. Wanda ya zo bai tarar da Baba Ousseini ba kada ya ji haushi, ba zai tsaya a sauke ɗakin a gabansa ba. Ya sa an yi masa magana da mai zem tun yanzu, da sassafe zai kai shi maƙabarta. Imane ta ce za ta raka shi, ya ce a'a. Ya ce shi aka ba amana, shi ya ce ya yarda, don haka shi zai je ya tsaya a kanta ya gaya mata da bakinsa cewa daga ƙugu zuwa ƙasa da itacen wani za a rufe shi.

An roƙi mai zem ɗin ya jira a bakin ƙofa komai daɗewa, kada ya yi masa hon.